Garwa: Benen Maƙwabci da Ruwan Agusta

Ranar da tifa ta farko ta juye yashi a bakin lungun, babu wanda ya ce uffan. A tsohuwar unguwar da gwaggona ke aure a Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru, yashi a ƙofar gida alamar alheri ce: ko wani zai gyara katanga, ko zai tayar wa ɗansa ɗakin amarya. Sai da aka ga an sauke rodi mai kauri, aka ga ramin harsashi ya kai wa magini ƙirji, sannan dattawan da ke zama a dakalin masallaci suka fara kallon juna.

Gidan na wani tsohon ɗan kasuwa ne da Allah ya yi wa rasuwa. Magada sun yi yawa, gida ɗaya kuma ba ya yankuwa yadda kowa zai sami wurin shimfiɗa tabarma, don haka suka sayar suka raba kuɗi. Wanda ya saya ba ɗan unguwar ba ne, kuma ba zama ya zo yi ba. Bene hawa uku zai ɗora, ɗaki-ɗaki na haya. Kafin ya fara ya sa an yi ta zuba jar ƙasa har filin ya ɗara titin lungun tudu. Da ginin ya kai hawa na biyu sai ga tagogi jere, duk suna kallon tsakar gidan gwaggo: murhunta, igiyar shanyarta, da makewayin mata wanda ba shi da rufi tun ranar da aka gina shi.

Mijinta, dattijo ne mai sanyin magana, ya ɗauki limami da wasu mutum biyu suka je wurin mai ginin. Ina tsaye a gefe.

"Alhaji, ba mu zo hana ka gini ba, Allah ya sanya albarka. Amma tagogin nan cikin gidana suke kallo."

"Baba, ka yi haƙuri. Ina da takarda."

Ya buɗe jaka ya nuna. Takarda ce ta gaske, da hatimi da sa hannu, da Faransanci. Babu wanda ya iya karanta ta a cikin dattawan, kuma ko da sun karanta, babu layi ɗaya a cikinta da ya ambaci makewayin gwaggo.

Maganar taga ta sami rabin magani daga baya, bayan an kai ta gaban jauro, wato mai unguwa: aka toshe ƙasan tagogin da bulo, aka bar sama don iska. Abin da babu wanda ya yi tunaninsa shi ne jar ƙasar nan. A ruwan farko mai ƙarfi na watan Agusta, ruwan da shekara da shekaru yake bi ta gefen tsohon gidan ya gangara ƙasa ya tarar an tare masa hanya. Ya tsaya, ya taru, ya shigo ta zauren gwaggo, ya kwana a ɗakinta.

Irin wannan rigima ba ta shiga jarida. Ba a ɗaga kwalaye, ba a kafa ƙungiya. Ana yin ta ne a zaure da dakalin masallaci da gidan jauro, wani lokaci ta kai fada, kuma sau da yawa takan ƙare da gaisuwar da aka daina yi.

Garin da rigarsa ta yi masa kaɗan

Kafin a ga laifin kowa, sai a dubi lissafi. Ƙidayar 1976 ta sami mutum kusan 64,000 a Garwa. A 1987 sun kai kusan 142,000. A ƙidayar 2005 sun doshi 236,000. Cikin shekara 29 gari ya ninka kansa fiye da sau uku da rabi, kuma tun daga lokacin bai tsaya ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A nan aka haifi tsohon shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo a 1924, kuma a shekarun mulkinsa, daga 1960 zuwa 1982, garinsu ya ga gata: filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa, masaƙa, tituna masu faɗi, hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON da aka kafa a 1974. Aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, kimanin kilomita 50 daga gari ta saman kogin Binuwai. A waɗannan shekarun ne gwamnati ta yi ta kwaso manoma daga duwatsun Mandara da sauran sassan Arewa Mai Nisa masu cunkoso tana zaunar da su a kwarin Binuwai, 'ya'yansu da jikokinsu kuma da yawa birni suka shigo. Daga 2014 tashin hankalin Boko Haram ya koro wasu daga garuruwan kan iyaka. A watan Janairun 2022 Shugaba Paul Biya ya sa hannu a dokar kafa Jami'ar Garwa. A cikin watan ne kuma garin ya karɓi wasannin gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, inda Najeriya ta ci Masar 1 da nema, sannan Tunisiya ta fitar da ita a wurin. Dubban 'yan kallo da suka tsallako daga Yola da Mubi sun ga sabbin tituna da otal-otal. Dillalan fili su ma sun gani, farashi ya ji a jikinsa.

Sunayen unguwanni kaɗai sun isa su ba da labarin. Rumde a Fulatanci ƙauyen gona ne da bayin mai sarauta ke zama, abin da Bahaushe ke kira rinji. Yau Rumde Ajiya tsakiyar gari ce. Wuro Kanadi da Wuro Hurso, wuro ƙauye ne, gari ya zo ya haɗiye su. Fulbere unguwar Fulani, Kollere ta Barebari, Hausare tamu, Marware ta mutanen Marwa. Yalwa kuwa ba sai an fassara wa kowa ba.

Duk wannan jama'a wuri suke nema su kwana. Gwamnatin Kamaru da bakinta tana cewa gidajen da ƙasar ke buƙata sun haura miliyan 2. Akwai hukumomi uku da aka kafa don wannan aiki: kamfanin gidaje na SIC tun 1952, sai MAETUR mai yanka filaye da Crédit Foncier mai ba da rance, dukansu a 1977. A 2009 aka yi shelar gina gidaje 10,000 masu sauƙin kuɗi da yanka fuloti 50,000, aikin da ya fi fitowa a Olembe ta Yawunde da Mbanga Bakoko ta Duwala. A shirin gaggawa na shekara uku da aka ƙaddamar a Disambar 2014, rabon Garwa gida 100 ne, kamar sauran manyan biranen yankuna bakwai, kamfanin Alliances na Maroko ya karɓi kwangilar. Gida 100 a garin da ke ƙaruwa da dubbai kowace shekara, cokali ne aka sa a kwashe kogi.

To wa zai cike gurbin? Alhajin nan mai jaka da takarda. Shi da ire-irensa su ne suke gina ɗakunan da malamin makaranta da aka turo daga kudu, da ma'aikaciyar jinya, da ɗalibi, da saurayin da ya yi aure gidan ubansa ya cika, za su kama haya. Wanda ya ga yadda ƙauyen Dang ya rikiɗe ya zama garin ɗakunan ɗalibai bayan Jami'ar Ngaundere ta tsaya da ƙafarta a 1993, ko yadda Marwa ta canza bayan an kafa tata a 2008, ya san abin da ke tafe wa Garwa. Don haka ni ba na cikin masu cewa a hana bene. Garin da ba ya hawa sama, gonaki zai ci, sannan ya gangara fadama.

Ruwa

Fadamar ita ce babbar magana. Garwa tana bakin Binuwai ta arewa, ruwan samanta ya kai kimanin milimita 1,000 a shekara, amma cikin 'yan watanni yake zubowa, mafi yawa a Agusta da Satumba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma ƙasa ta bushe ƙamas, duk wani kwari fili ne mai kyau a idon mai saye. A lokacin ne dillali ke kai mutum ganin fuloti. Ba ya kai shi da damina.

Tsohon gidan ƙasa, wanda Fulani ke kira saare, yana da wata hikima da ba a rubuta ba. Ɗakuna kaɗan ne a cikin fili mai faɗi, tsakar gida yashi ce, akwai darbejiya ko mangwaro. Ruwan da ya sauka rabinsa a nan yake nutsewa, sauran ya fita ta kafar katanga ya bi hanyar da kowa ya sani. Idan aka rushe irin wannan gida aka rufe filin da kwano da siminti daga iyaka zuwa iyaka, kusan duk ɗigon da ya faɗo waje zai fita, kuma lokaci guda. Gida ɗaya ba a ji. Gida goma a lungu ɗaya, sai magudanar da aka haƙa domin mutanen 1976 ta cika ta tumbatsa, balle ga leda ta toshe ta. Kowane sabon mai gini ya san haka, shi ya sa yake ɗaga nasa da jar ƙasa ya ɗara na maƙwabci. Na gaba ya ɗara shi. A ƙarshe wanda bai da kuɗin ɗagawa, tsohuwa ko bazawara ko magadan da ba su sayar ba, gidansa ne ke zama kududdufin unguwa.

Mutanen Garwa ba sa buƙatar a tuna musu 2012. Daga Agusta zuwa Satumba na shekarar Binuwai ya cika, aka saki ruwan Lagdo, dubban mutane suka rasa matsuguni, har Shugaba Biya ya zo garin da kansa a watan Satumba. Ruwan ya wuce zuwa Najeriya ya ci jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi. Hukumar agajin gaggawa ta Najeriya ta ƙidaya mutum 363 da suka mutu da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu a ambaliyar shekarar. An sake sakin ruwan a 2022 da 2024. A Marwa gadar Palar ta karye a Agustan 2020. Idan dattijo a Garwa ya ga ana cike wani kwari ya ce ruwa zai dawo neman hanyarsa, ba hassada ce ke magana ba. Ya taɓa ɗauke jikokinsa a kafaɗa cikin dare.

Takarda

Yanzu mu koma ga jakar Alhaji. Dokar ƙasa ta Kamaru ta tsaya ne a kan dokokin da Ahijo ya sa wa hannu ranar 6 ga Yulin 1974, da wata ta Afrilun 1976 da ta bayyana yadda ake samun takardar mallaka, wadda kowa a can ke kira titre foncier. Taƙaitaccen bayaninta: wanda ke da wannan takarda shi ne mai fili a idon hukuma. Duk filin da ba a yi wa rajista ba yana cikin rumbun ƙasa da gwamnati ke riƙe da amanarsa, ko da kakanka na bakwai aka binne a ciki. Wanda ya zauna ko ya noma wuri tun kafin 5 ga Agustan 1974 yana da damar neman takarda kai tsaye. Sayar da filin da ba shi da takarda kuwa doka ba ta yarda da shi ba, ko da yake kullum ana yi, da wata 'yar takardar sallama haƙƙin gargajiya da jauro ke shaidawa.

A rubuce, dokar ta bar wa maƙwabci ƙofa. Idan mutum ya nemi takarda, akwai kwamiti da ke zuwa wurin, ƙarƙashin shugaban gunduma na gwamnati, sous-préfet, tare da ma'aikatan safiyo da na filaye, da sarkin wurin da dattawansa biyu. A gabansu ake kafa duwatsun iyaka. Bayan gyaran da aka yi wa dokar a Disambar 2005, ana buga sanarwa a wata mujallar filaye ta yanki, kuma mai ƙorafi yana da kwana 30 daga ranar bugawa ya shigar da ƙorafinsa. Da wa'adin ya cika babu wanda ya yi magana, takarda ta fita, kuma kwance ta daga baya aiki ne na lauya da kotu da shekaru.

Ka tambayi kanka mutum nawa ne a Fulbere ko Hausare suka taɓa riƙe wannan mujalla a hannu. Da Faransanci take, a ofis take, kuma babu mai shelarta a masallaci. Ban da haka, ƙorafin da take saurara na iyaka ne da mallaka: filin nan nawa ne, ko ya shigo cikin nawa. Tsawon bene da fuskar taga da hanyar ruwa maganar izinin gini ce, wadda dokar tsara birane ta 21 ga Afrilun 2004 ta ɗora wa magajin gari. Garwa tana da ƙananan hukumomi uku tun 2007, da hukumar birni a samansu. Mai gini zai kai zanensa ofis, a duba, a buga hatimi. Maƙwabcin da zai zauna a inuwar ginin har ya mutu, yawanci motar bulo ce ke sanar da shi.

Sarauta fa? Dokar 1977 ta mayar da sarakunan gargajiya mataimakan hukuma, ta kasa su mataki uku. Lamidon Garwa har yau mai faɗa a ji ne. Alim Garga Hayatu ya riƙe sarautar tare da muƙamin gwamnati har rasuwarsa a Afrilun 2021, Ibrahim El Rashidini ya gaje shi. Daga lamido zuwa lawan zuwa jauro akwai kunnen da talaka ke iya kai kuka. Sai dai abin da ke hannunsu sulhu ne da nauyin baki. Ba su da ikon soke hatimi. Kuma, a faɗi gaskiya, a arewacin Kamaru kamar a arewacin Najeriya, wani lokaci mai unguwar da aka kai wa ƙara shi ne ya shaida cinikin, ya kuma karɓi goronsa.

Abin da malamai suka riga suka faɗa

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dattawan nan da suka tsaya shiru gaban takarda suna da tasu hujjar, kuma ta girmi ta Alhaji da shekara dubu. Duk ɗalibin zaure da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ya wuce ta wurin da aka hana mutum cutar da maƙwabcinsa ta hanyar buɗe tagar da za ta tona masa cikin gida, ko buɗe ƙofa saitin ƙofarsa, ko haƙa ramin da zai yi masa ɓarna, ko da a cikin mallakarsa yake haƙawa. Alƙalanmu na Malikiyya sun san babin cutar maƙwabta a cikin Tuhfa ta Ibn Asim. A Tunis, a ƙarni na 14, wani magini da ake kira Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar gini, ya rubuta littafi sukutum a kan katanga da taga da indararo da hanyar ruwa. A ƙasarmu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan yadda ake mallakar ƙasa da hurumin da ake bar wa gari da rijiya, wanda ba mai shigarsa. Garwa kuwa a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama aka kafa sarautarta a ƙarni na 19, wannan fiƙihu nata ne.

Tushen hukuncin ɗaya ne: mallaka ba ta ba ka izinin cutarwa, kuma abin da ya riga ya tabbata, kamar hanyar ruwa ko sirrin tsakar gida, yana da haƙƙi a kan abin da ya zo daga baya. Shi ya sa zauren gidan Bahaushe da jawleeru na Bafulatani suke karkace, ba sa kallon cikin gida kai tsaye. Shi ya sa a da mai hawa rufin soro ko bishiyar dabino sai ya ɗaga murya ya yi sallama, mata su kimtsa. Injiniyan da ya koyo zane a Yawunde ba a koya masa wannan ba. Zanen da ya dace da unguwannin masu hali irin Bastos ko Bonapriso yake saukewa a lungun da matan aure ke tsakar gida da ɗaurin ƙirji saboda zafi. Alhali maganin ba shi da tsada idan tun a takarda aka yi shi: a juya tagogi su kalli titi ko wani fili a tsakiyar benen, a ɗaga na gefe sama da tsawon mutum, a bar tazara, a fitar da ruwan rufi ta bututu zuwa magudana. Bayan an zuba siminti, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zama rusau.

Inda maƙwabta ke kuskure

Ba kowane kukan unguwa ne na Allah da Annabi ba. Na zauna a dakalin nan na ji yadda magana ke sauya launi. Takan fara da ruwa da taga, can sai wani ya ce, to su wane ne ma za su shigo? 'Yan haya. Gwauraye. 'Yan kudu. Matan da ba a san mazajensu ba. Ɗalibai masu kiɗa da dare. A arewacin Kamaru, inda tsohon miki tsakanin masu sarauta da ƙabilun da ba Musulmi ba bai gama warkewa ba, wannan magana tana da wari, kuma kowa yana jin warin.

A Amurka abin har suna gare shi, ana yi wa masu irin wannan hali laƙabi da 'yan "ba a bayan gidana ba". A can mazauna unguwannin gefen birni sun yi amfani da dokar tsara gari, wadda kotun ƙolinsu ta halatta tun 1926, suka hana gina komai sai gidan iyali ɗaya a fuloti ɗaya. Hujjarsu a baki cunkoson motoci ce da kyan unguwa. Sakamakon shi ne talaka da baƙar fata suka kasa shiga, haya ta yi tashin gwauron zabi. Sai a 2018 birnin Minneapolis ya yanke shawarar soke wannan tsari, jihar Kaliforniya ta sassauta nata a 2021. Su matsalarsu maƙwabci ya yi ƙarfi har ya hana gari numfashi. Mu tamu maƙwabci ba a tambayarsa ko kaɗan. Amma zuciyar da ke cewa mun riga mun shigo, a rufe ƙofa, iri ɗaya ce ko'ina.

Bahaushen Garwa ya fi kowa cancantar ya ji kunyar wannan magana. Kakanninmu fatake ne da mahauta da wanzamai da malamai da suka sauka da jaka a kafaɗa, wani ya nuna musu wuri ya ce su kafa bukka. Sunan Hausare kansa shaida ne cewa an taɓa yi mana masauki. Mai ƙorafin ruwa a saurare shi har ƙarshe. Mai ƙorafin ƙabilar ɗan haya a ba shi haƙuri, a ci gaba da gini.

Gani ga wane

Kano ta nuna abin da ke faruwa idan aka toshe kunne har gini ya tashi. Shekaru ana cike kududdufai ana yanka su fuloti, ana awon igiya a bayan gari ba titi ba magudana, ana tsaga manyan filayen unguwar Nasarawa ana cusa gidaje. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje kukan ya ƙaru: shaguna a Filin Idi, gine-gine a jikin ganuwa, a sansanin alhazai, a tsohon otal ɗin Daula, a filayen makarantu. Jama'a suka yi ta magana a rediyo, masu gini suka yi ta nuna takarda. Abba Kabir Yusuf ya yi alkawarin rushewa tun yana neman ƙuri'a, aka rantsar da shi ranar 29 ga Mayun 2023, cikin kwanaki katafila ta fita. Aka rushe ginin Filin Sukuwa, da na Daula, da shagunan Filin Idi, aka shiga Salanta inda mutane suka fito suna kare gidajen da suka ce da takardar gwamnati suka gina. A Satumbar shekarar Babbar Kotun Tarayya a Kano ta ce a biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Lissafa asarar: kuɗin wanda ya gina, kuɗin gwamnatin da ta rushe, diyyar da za a biya daga aljihun talaka, da ƙarafan da 'yan jari-bola suka kwashe. Duk wannan a kan tambayar da za a iya yi tun ranar da aka kafa turaku.

Ita ma Kamaru tana da nata darasin. A watan Mayun 2022 aka wayi gari katafiloli suna rushe gidajen Dikolo a unguwar Bali ta Duwala, domin a gina babban otal, da hujjar amfanin jama'a. Sarakunan Sawa da jama'arsu suka fito zanga-zanga. Bayan shekara guda kotun da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a ta soke takardar da aka dogara da ita. Mutanen Dikolo sun yi nasara a gaban alƙali, amma gidajensu sun riga sun zama ƙura.

A ɗaya gefen kuma akwai gidajen da babu maƙwabcin da ya yi ƙorafi a kansu, domin babu maƙwabci a wurin. Rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a bayan Kano tsakanin 2011 da 2015 sun daɗe da yawansu babu kowa a ciki, saboda nisa da tsada. Ɗan haya kusa da kasuwa da wurin aiki yake so, kuma nan ne tsofaffin unguwanni suke. Benaye za su ci gaba da shigowa lungunan Garwa, ko an so ko an ƙi.

Abin da ya rage a hannun hukuma ƙarami ne, kuma ba sai an jira Yawunde ba. Magajin gari zai iya cewa ba zai sa hannu a izinin bene a tsohuwar unguwa ba sai an zauna a wurin, gaban jauro da masu katanga ɗaya da filin, an nuna musu zane an yi musu bayani da Fulatanci ko Hausa, an rubuta inda taga za ta kalla da inda ruwa zai bi. Zai iya hana ɗaga fili sama da titi ba tare da magudana ba. Zai iya sa a yi wa hanyoyin ruwa da maƙabartu da filayen idi da burtalin shanu rajista da sunan gari, kafin wani ya riga shi. Limamai kuma, waɗanda ke karantar da Risala kowace safiya, ba laifi idan suka tsaya a wannan babi ranar Juma'a, domin masu benayen a sahun gaba suke.

Gwaggo dai tana nan. Benen ya cika da 'yan haya, cikinsu har da wata ma'aikaciyar asibiti 'yar kudu da ke zuwa duba mata hawan jini ba ta karɓar ko sisi, ita kuma tana aika mata da fura. Da Alhajin ne ba sa ga maciji. Duk shekara idan Yuli ya kama, jikokinta sukan cika buhunan siminti da yashi su jera a bakin zaure, a ɗora gado a kan bulo.

Kai mai karatu, ko a Garwa kake ko Marwa ko Yola ko Kano, ranar da ka ga ma'aikatan safiyo suna kafa dutse a jikin katangarka, kada ka jira tifar yashi. Sa hularka ka fita ka yi sallama, ka tambayi hawa nawa za a yi, ina taga za ta kalla, ina ruwa zai bi. Idan a Kamaru kake, daga ranar da aka buga sanarwa kwana 30 gare ka.